Jan Farce da Man Gyaɗar Inna

Ni da taubashiyata gida ɗaya muka tashi a Tasawa, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Ɗiyar ƙanwar babana ce. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, ubanta ya yi kudu neman arziki bai sake waiwayowa ba, shi ne baba ya ɗauko ta tun tana jaririya. Da yake ni ɗiyar namiji ce ita ɗiyar mace, a wasa baiwata nake ce mata, ita kuma ta ce mani uwar ɗakina. Na girme ta da shekara guda, kuma ban taɓa barin ta ta manta da hakan ba.

Shekarar da dogarai suka bi gida gida suna rubuta yaran da za a kai lakwal, wato makarantar boko, aka ce kowane gida sai ya ba da ɗa guda. A wancan lokaci kai yaro lakwal kamar miƙa wa Nasara shi ne kyauta. Kakarmu na jin sallamarsu a zauren maƙwabta ta sungume ni, ta cusa ni cikin rumbu ta mayar da murfi. Na wuni a kan dammunan gero, ƙaiƙayi na cin jikina, ina danne atishawa. Da aka fito da ni la'asar an riga an rubuta sunan taubashiyata. Kaka ta dama mani fura da nono har da saura, ta ce na tsira. Na sha na ƙoshi, na fita ina yi wa yaran unguwa alfahari cewa ni aka ɓoye.

Wai tsira! Bayan an samu mulkin kai da 'yan shekaru, ga wadda aka miƙa ta zama malamar lakwal a Mayahi, ana ce mata madam, maza masu gemu suna tashi su ba ta kujera. Ga wadda ta tsira kuma, aurenta na fari ya mutu, ta dawo gidan ubanta tana taya uwarta matsar man gyaɗa. Karatun da nake rubuta wannan da shi ma sai da na yi jika na koye shi a ajin manya, ina zaune a tabarma ana gyara mani riƙon alƙalami.

Inna, wato mahaifiyata, ta yi suna da mai a unguwarmu. Manta garau yake, ba ƙauri, ba ruwa, kuma ƙuli-ƙulinta ba ya karya haƙori. Mu biyu muke aikin daga ɓara har suya, har niƙa, har matsa. Aikin nan a hannu yake zama. Nawa duk ɗigon ƙunar mai ne, faratana sun kakkarye saboda ɓawon gyaɗa, kuma ko wanka uku na yi ƙuli nake ƙamshi.

Da kakar gyaɗa ta wata shekara aka ba 'yan lakwal hutu, ta zo. A gaban mota ta zauna kusa da direba, mu da muka je tarye muna kallo aka buɗe mata ƙofa. Takalminta bai dame ni ba, jakar hannunta ma na daure. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne lokacin da muka zauna cin tuwo ta sa hannu a kwano. Faratanta goma ja wur, suna sheƙi kamar an jiƙa su, kuma jan ba irin na lalle ba ne da ke bin fata. A kan farce kawai ya tsaya, tsaf, kamar da shi aka haife ta. Na dubi nawa hannun a gefen nata cikin kwano ɗaya, na janye shi. Na ce na ƙoshi.

Matan gida da na maƙwabta suka yi ta juya hannunta suna tambaya. Ta ce sunansa jan farce, a Maraɗi ta saye shi, kuma ba kullum take shafawa ba. Ruwan alwala ba ya ratsa shi, saboda haka sai kwanakin da ba ta salla take sa shi, in za ta yi wanka ta goge. Kwana biyu bayan nan kuwa lokacin wankanta ya yi, ta fito tsakar gida da wata 'yar kwalba da auduga, ta zauna a inuwa kusa da faifan soyayyar gyaɗar da muka baza ta huce. Ta ce sunan ruwan disolban. Ta ɗiga a auduga, ta shafa sau ɗaya, jan nan ya bi audugar ya tafi, farce ya fito fari tas. Wari gare shi mai hawa kai. Inna ta toshe hanci ta ce ta matsa da abin nan daga wajen abincin mutane, ita kuma ta yi dariya ta ja kujerarta baya kaɗan.

Tana gamawa ta ɗago ta dube ni.

"Uwar ɗakina, in lokacinki ya zo ki faɗa mani in shafa maki. Yatsunki dogaye ne, zai yi maki kyau ya fi ni."

Da ta faɗa mani a ɗaki, mu biyu, wataƙila da na miƙa hannu. Amma a gaban mata ta faɗa, kuma duk suka juyo suna kallon yatsuna. Na ji kamar sadaka take ba ni. Na ce mata Allah ya kiyaye, ni lallen kakannina ya ishe ni, wannan fentin mota sai waɗanda ba su da aikin yi sai riƙon alli. Na ƙara da cewa ko kyauta aka ba ni ba zan sa abin da zai raba ni da salla ba. Mata suka kwashe da dariya, suka ce taubasai sun fara. Ita ma ta yi murmushi. Ta kai kwalbar gogewar cikin akwatinta ta sa kwaɗo, ta ce wuta yake kamawa kuma in an bar shi a buɗe gudu yake yi. Makullin a wuyanta yake rataye da zare. Kwalbar jan kuwa a kan kwallar ɗakinmu ta ajiye ta, tsakanin kwalli da madubi.

Washegari da hantsi ta tafi gaida wata tsohuwar malamarta can wajen gidajen ma'aikata. Na shiga ɗaki ɗaukar wani abu, ban ma tuna ko mene ne ba. Kwalbar nan tana nan tana kallona. Na ce bari in shinshina kawai. Daga shinshinawa na ce bari in ga yadda ɗan tsinken gashin da ke jikin murfin ke ɗaukarsa. Kafin in ankara na shafe babban yatsana na hagu da manuniya. Bai kwanta sumul kamar nata ba, don faratana ba su da santsi, har ya ɗan zarce kan fata. Amma wallahi na tsaya a bakin ƙofa inda haske ke shigowa ina juya yatsu biyun nan, ban taɓa ganin wani abu a jikina da ya yi mani kyau kamarsu ba. Na riƙe tsinke kamar alli, na yi wa bango darasi a hankali. Ina cikin haka Inna ta ƙwala mani kira, na rufe kwalba na mayar inda take.

A zatona abin da auduga ta ɗauke da shafa ɗaya, ai sabulu ma zai ɗauke. Na zaga bayan ɗaki da sabulun salo da soso na dirza har fata ta yi zafi. Ko gezau. Sai ma ƙara sheƙi da ya yi. Ni da na tsaya gaban mata jiya na kira shi fentin mota, yau a gan shi a hannuna? Matan ba su dame ni ba kamar ita. Na gwammace komai ya same ni da ta san cewa abinta ya ba ni sha'awa har na shafa a ɓoye. Na yagi tsumma na naɗe yatsun biyu, na ce wa Inna mai ne ya fallatso mani wajen suyar ƙuli. Ta ce sannu, in shafa zuma, ta wuce wajen aikinta. Ƙuna a gidan mai ba labari ba ne.

Azahar ta yi. Na yi alwala ina sane da cewa ruwa bai taɓa faratan nan ba, na yi salla ina sane. La'asar ma haka. Tsakaninsu na gwada lemun tsami da toka, na gwada dutsen goge kaushi, daga ƙarshe na ɗauko rezar baba na hau kankara. Jan ya ɗan ɓaɓɓare a tsakiya, rezar ta zame ta tsaga mani gefen manuniya. Yanzu ga jini ga ja, tsumman ya samu dalili.

Da safe na karɓi aiken kasuwa don in samu fita. Garin cike yake, jakuna da raƙuma na ta shigowa da buhuna wajen sikeli, kowace bitiki, wato kanti, ta cika da kaya saboda manoma sun samu abin hannu. Na shiga ta wani dattijo da ke sayar da turare da hoda da sarƙoƙi, na ce wata amarya ce a unguwarmu ta aiko ni, wai me ke goge jan farce. Ya dubi tsumman hannuna, ya dubi fuskata, ya yi kamar bai gani ba, Allah ya saka mashi. Ya ce ruwan da aka yi don haka ba ya kawo shi, don matan da ke nema a garin nan ba su kai yatsun hannu ba, sai Maraɗi. Amma ya ji ana cewa alkol na gidan likita yana cire shi, esans, wato fetur na mota, ma yana cire shi, wasu kuma sun ce kananzir.

Na fito na tsaya gindin wata bishiyar bedi ina auna su ɗaya bayan ɗaya. Alkol dai, a sanina, ɗan'uwan giya ne, kuma mai ba da magani a gidan likita tare suka yi lakwal da taubashiyata. In na shiga da hantsi, kafin azahar ta ji. Esans kuwa sai in je wajen sikeli in kutsa tsakiyar direbobi da 'yan dako, bazawara da gwangwani a hannu tana roƙon mai, alhali babana yana can yana jiran a auna gyaɗarsa. Wannan ko a mafarki. Akwai na huɗu wanda dattijon ya ce sai Maraɗi, wanda ya fi duka sauƙi, yana cikin akwati a ɗakin da nake kwana, kuma mai shi da bakinta ta yi mani tayin jan farcen. Kalma ɗaya ce kawai. Ni in roƙe ta? Ni da aka ɓoye a rumbu? Na ce a raina gara yatsun su ruɓe.

Saura kananzir, shi kuwa ga shi a fitilar ɗakin Inna. Da la'asar na tsiyayi kaɗan a gwangwanin tumatir na zaga bayan rumbu, rumbun nan dai. Na tsoma yatsu. Ya shiga tsagar reza, na ciji leɓe har hawaye suka zubo, amma ban cire ba. Na daɗe a tsugune ina jiƙawa ina dirzawa da tsumman. Abin da ya yi kawai shi ne ya kashe sheƙin. Jan ya dushe ya koma kamar busasshen jini, ya ci gefe-gefe, ya zauna daram a tsakiya. Na wanke hannu da toka, na mayar da tsumman nan dai na naɗe. Na shinshina na ji ba komai, ashe hancina ne ya saba.

Da magariba taubashiyata ta ce in kawo ƙunar ta gani, tana da wani man shafawa na likita. Na daka mata tsawa na ce kafin a haifi likitanta ake ƙonewa a gidan nan ana warkewa. Ta dube ni, ta ce to, Allah ya sauwaƙe.

Kashegari ranar matsa ce, kuma matsa babba, don mai ƙosan bakin kasuwa ta ce a ba ta na kwana uku, ga kuma wani gida da ke da suna. Inna na fama da mura, hancinta a toshe, ta ce in zan iya da hannun in taya ta. Na ce zan iya, don kada ta ce in kwance ta duba. Matsar mai ba a yin ta da hannu ɗaya. In an zuba ruwan zafi a niƙaƙƙiyar gyaɗa an juya a turmi har mai ya taso, sai an sa hannu biyu an dunƙule tunkuza an matse ta. Na matsa, na mulmula ƙuli, tsumman nan ya sha mai mai ɗumi ya jiƙe sharkaf, duk abin da ke cikinsa ya sauka a ƙwarya. Muka ɗura a kwalabe aka kai.

Rana ba ta yi tsaka ba sai ga mai ƙosai da kwalabenta a kai, da ƙosai guda a ganye. Ta ce tun da take ba a taɓa tofar da ƙosanta a gabanta ba sai yau. Ta ce kananzir ne a man. Maƙwabta suka shigo, kowa ta shinshina ta yamutsa fuska. Aka gutsuri ƙuli, shi ma haka. Inna ta tsaya da kwalba a hannu. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa mayar mata da mai.

Sai wata ta ce, ai kuwa rannan 'yar lakwal ta zauna da ruwan nan mai wari a gefen faifan gyaɗa. Shi ke nan. Inna ta juya kan taubashiyata. Ta ce ta faɗa mata ta matsa ta ƙi, ta tsaya tana dariya. Ta ce an ɗauko ta tana tsumman goyo, an ci da ita an sha da ita, sakayyar ke nan, ta zo da kwalaben Nasara ta kashe mata sana'a. Ta ce gidan nan ba gidan madam ba ne, in ƙazantar farce za a yi a koma can inda aka koyo ta. Ta faɗi wasu maganganun a kan uwarta da ke kabari, waɗanda ba zan rubuta ba.

Taubashiyata ta san warin ruwanta, ta kuma san warin kananzir. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta shinshina. Na ga idonta ya sauka kan tsumman hannuna, ya tsaya nan, sannan ya hau fuskata. Ina tsaye riƙe da taɓarya. Jira take in yi magana, na sani. Ban yi ba. Kuma tun da na ce zan faɗi gaskiya a rubutun nan, to ga ta: a wannan lokacin daɗi na ji. Na ji daɗin ganin madam a tsaye ana wanke ta tas gaban matan da suka yi ta juya hannunta. Allah ya yafe mani, har cikin raina na ji shi.

Ta durƙusa gaban Inna ta ce a yi haƙuri, kuskurenta ne, ba za a sake ba.

Bayan azahar na shiga ɗaki na iske tana haɗa kaya, alhali saura mako guda hutunta ya ƙare. Ta tashi ta saki labulen ƙofa. Ta ciro makulli daga wuyanta, ta buɗe akwati, ta fito da kwalbar da auduga. Ta zauna bakin gado ta miƙo mani tafin hannu. Na ba ta hannun. Ta warware tsumman mai maiƙo ta jefar gefe, ta dubi tsagar reza, ta dubi fatar da ta saɓe. Ta ɗiga ruwan, ta kauce wa ciwon, ta shafa. Sanyi gare shi. Shafa biyu a babban yatsa, biyu a manuniya. Abin da na kwana biyu ina yaƙi da shi, abin da ya ɓata man Inna, ya tafi a ɗan ƙullin auduga.

Ba ta saki hannuna ba. Tana kallon faratan ta ce:

"Ranar da Kaka ta sa ki a rumbu, ina tsaye a gindinsa. Na ɗaga hannu ina jira ni ma a ɗauke ni. Sai ta rufe murfin ta ce in je in wanke fuska, baƙi na zuwa."

Ta tashi ta kulle akwatinta. Kwalabe biyun, na jan da na gogewar, ta bar su a kan kwalla. Ta yi wa baba sallama a wajen sikeli, ta ce an kira su aiki da wuri, ta hau motar gyaɗa.

Ba ta sake yin hutu a gidanmu ba. Takan zo gaisuwar rasuwa ko suna, ta wuni ta koma, muna uwar ɗakina da baiwata kamar da, a baki. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana ba da labarin shekarar da 'yar lakwal ta ɓata mata mai, sau da yawa ina zaune a gefenta ina ɓarar gyaɗa, ban taɓa ɗaga kai ba. Abin haushin shi ne ko wannan durƙuson da ta yi gaban Inna sai da na yi kishinsa. Ta fi ni karatu, ta fi ni farce, ta zo kuma ta fi ni wannan.

Ranar da ta tafi, da la'asar, na fito na yi alwala, ruwa ya taɓa ko'ina. Inna na zaune tana wanke kwalaben da aka mayar da toka da ruwan zafi, idonta jawur. Ta ga hannuna ba tsumma, ta ce in kawo ta gani. Ta juya yatsun biyu a tafinta, ta ce ikon Allah, ƙunar ta warke da wuri, ai ta faɗa mani zuma ba ta da na biyu.

Na ce mata haka ne, Inna.